Abin da Saje Dekun Ya Kwaso a Daji

Wata takwas Lanying ta yi tana nuna wa 'yarta hoto ɗaya. Sai ta zaunar da ita a cinya, ta ɗaga mata kai wajen bangon da madubi yake, ta ce, "Nini, ga Baba. Ce Baba." Yarinyar ta dubi hoton, ta dalalo da miyau, ta kama kunnen uwarta. Kullum haka.

Shi uban, Saje Dekun, yana can iyakar kudu, cikin dajin nan da ruwa ba ya ɗaukewa, inda aka ce ko wando ka shanya sai ya yi kwana uku bai bushe ba. Tun cikin Lanying na wata biyar ya tafi, bai taɓa ganin 'yar ba. Wasiƙa dai yana aikowa, kuma duk abin dariya yake rubutawa. Wai zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi sau uku, har ya san ranar zuwansa kamar ranar kasuwa. Wai ƙazuwa ta shiga tsakanin yatsunsu, dukan rundunar suna susa a tare kamar an ba da oda. Wai akwai wata tsutsa da ke shiga ta tafin ƙafa in mutum ya taka laka ba takalmi, ta je ciki ta zauna tana cin rabonta. Atini kuwa bai ma sa shi cikin lissafin ciwo ba. Lanying takan karanta ta yi dariya, sa'an nan ta shiga bayan ɗaki ta share ido.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa rubuta masa ba. Ranar da ta haihu, uwar mijinta, Tsohuwa Pu, ta leƙo ta tambayi ungozoma, "Me aka samu?" Da aka ce mace, sai ta ce "To," ta juya ta tafi ba kaji tsaba. Jan ƙwan da ake dafawa a raba wa maƙwabta in an yi haihuwa kuwa, wanda ta dafa ko layinsu bai zagaya ba. Kowa a ƙauyen ya lura, don mutanen nan ko ƙwai ɗaya ya ragu sai sun yi zancensa har girbi. Lanying ta haɗiye. Ta ce a ranta, uban ne nawa, bari ya zo.

Ya zo kuwa, da hutun kwana bakwai. Motar katako ta sauke shi a bakin titi, ya hauro da ƙafa. Lanying ta hango shi tun daga gonar taba, ta saɓi Nini ta fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Sai dai mutumin da ya iso ba shi ne na hoton ba. Ya rame, fuskar ta yi fari fat kamar awarar da ta kwana a ruwa, ga wani tawul ya naɗe baki da hanci da shi, a wannan zafin.

"Baban Nini," in ji ta, tana haki, "ga ta."

Ta miƙa masa yarinyar da hannu biyu. Kun san me mutumin nan ya yi? Ya mai da hannuwansa baya, ya ja taku biyu, ya tsaya ƙyam kamar mai jiran babban hafsa. Ya daɗe yana kallon yarinyar ta saman tawul.

"Ta yi kyau," in ji shi. "Shiga da ita, akwai rana."

Lanying ta tsaya da yarinya a sama har hannunta ya gaji. Matan da suka fito kallo kowace ta shiga neman abin da za ta duba a ƙasa.

Da aka zo cin abinci, an jera shinkafa da miyar kabewa da soyayyen barkono a tsakiya yadda aka saba, kowa ya sa tsinkayensa na cin abinci, sai Dekun ya ciro kwanon soja daga jaka. Ya ce a zuba masa nasa daban. Ya ɗauka ya fita bakin ƙofa, ya juya musu baya ya ci, ya wanke kwanon da kansa da tafasasshen ruwa. Da lokacin kwanciya ya yi, ya kwashi bargo ya nufi rumbun da ake busar da taba. Wai ya saba da kwanan waje.

Gari na wayewa ya hau aiki kamar wanda aka biyo. Ya sauya ruɓaɓɓiyar gorar rufi. Ya faskara itacen da za a yi shekara biyu ana hurawa. Ya gyara ƙofar garke, ya yashe kwata, ya wasa duk wata wuƙa da lauje da ke gidan. In Nini ta yi kuka, sai gatarin ya tsaya a sama, ya kasa kunne, amma ƙafarsa ba ta taka ɗakin.

A rana ta uku Lanying ta kai wanki rafi, ta tarar an riga an raba zancenta kashi biyu. Wasu suka ce mace ya samu a kudu, ai 'yan matan can kamar an zana su, ga gashi har gadon baya. Wasu suka ce babu wata mace, 'ya mace ce aka haifa masa, kuma ɗan Tsohuwa Pu ne, a ina zai koyo wani hali? Wannan na biyun shi ya shige ta, don shi take tsoro tun ranar jan ƙwai. Ta dawo gida da wanki rabi ba ɗauraya. Ta yanke a ranta cewa in hutun nan ya ƙare mutumin nan bai ɗauki 'yarsa ba, ita da Nini sun bar gidan. Gidan ubanta na bayan dutse, tafiyar wuni ɗaya, kuma can ba wanda zai mai da hannu baya in an miƙa masa yarinya.

Ta gwada shi, ba ta ƙi ba. Ta ajiye Nini a tabarma kusa da inda yake faskare, ta ce za ta ɗebo ruwa, ta laɓe bayan garke. Yarinyar ta rarrafa ta nufi takalminsa. Sai ga Saje guda, mai igiya uku, yana ja da baya yana kira, "Inna! Inna, zo ki ɗauke ta!"

Ba ta jira kwana bakwai ɗin ba. Da safiyar rana ta biyar ta goya Nini, ta ƙulle kayansu a zane, ta fito tsakar gida. Dekun na tsugune yana ɗaure ƙotar fartanya.

"Ina zuwa?"

"Inda ake son mu."

"Maman Nini…"

"Kada ka kira ni da sunanta, tunda ba ka san ta ba. Wata takwas ina nuna mata hotonka kamar mahaukaciya. Da na sani da hoton ɓaunarmu ta noma na nuna mata, ita ko ba komai tana lasar ta."

Ya miƙe ya tare ƙofa, amma daga nesa, hannuwa a buɗe kamar mai korar agwagi. Ya buɗe baki zai yi magana sai atishawa ta kama shi. Tawul ɗin ya zame. Jini ya ɓalle daga hancinsa, ya bi leɓe, ya ɗiga a gaban rigarsa. Ya juya ya tofar, abin da ya fito ja wur.

Ƙullin kayan ya faɗi daga hannun Lanying.

"Tun yaushe?"

"Wata biyu." Ya toshe hancin da tawul, muryarsa na fita a daƙushe. "Kullum. Da safe in na tashi bakina cike. Irin na Baba ne, Lanying. Haka ya fara. Kuma kin san ƙanwata a kwanonsa take ci, a kafaɗarsa take barci, ba ta kai shekara biyu a bayansa ba."

Tsohuwa Pu, da ke tsaye bakin madafa da ludayi, ta zauna a ƙasa daɓas. Ita ta binne su duka biyun, tarin fuka ya kwashe mata miji da 'ya.

"Likitan barikinku fa?" in ji Lanying.

"Da na nuna masa da yanzu ina kwance a asibiti, an hana ni hutu. Na ce bari in zo in gan ta tukuna, ko daga nesa ne. In gyara muku gida."

Ana cikin haka aka ji, "Awara, da zafinta!" Inna Dao ce ta turo ƙofa da kwandunanta biyu a sandar kafaɗa. Ita wannan 'yar kudu ce, daga can ƙasar zafi aka auro ta shekara arba'in da suka wuce, kuma har yau ba ta koyi yin sallama ba. Ta ce ita ba ta ji komai ba, alhali awarar da ta shigo da ita ta huce sarai, wanda ya nuna ta daɗe a bayan ƙofar.

Ta sauke kaya, ta zagaya Dekun tana duban sa kamar mai sayen ɓauna.

"Kai ɗan nan, kana tari?"

"A'a, Inna."

"Gumi cikin barci?"

"A'a."

"Wane irin tarin fuka ne ba tari? Hancin, duka biyu ke jini ko ɗaya?"

"Na dama kawai. A toshe yake. Wani lokaci sai in ji kamar gudan jini na motsi a ciki."

"Motsi." Ta gyaɗa kai. "To nuna mini yadda kake shan ruwa in kun isa ƙorama."

"An ce mu riƙa tafasawa."

"Ban tambaye ka abin da aka ce ba."

Sa'an nan ya ce in suna sintiri ba a hura wuta, ga bindiga a hannu, ga hannun duk laka. Sai mutum ya kwanta rub da ciki ya kafa baki a ruwa, kamar yadda suke yi a maɓuɓɓugar bayan gari tun suna yara.

Inna Dao ta fashe da dariya har sai da ta dafa bango. "Wayyo mutanen tudu! Ku dai ruwanku na dutse ya ɓata ku. A garinmu ko yaron goye ya san ba a kafa fuska a ƙorama, sai ɓauna, ita ma tana shan wahalarsa. Saje, ba mutuwa za ka yi ba. Baƙo ka yi. Matsattsaku ne ya shige maka hanci tun yana kamar zaren ɗinki, ya samu ɗaki da abinci kyauta, me zai fitar da shi?"

"Inna Dao, ki bar wasa," in ji Lanying.

"Na rantse da kabarin uwata. Na cire wa kare, na cire wa ɓauna, na cire wa wani malamin makaranta. Saje ne dai ban taɓa ba."

Dekun ya ce shi ya san matsattsaku, ya ciccire ɗaruruwa a ƙwaurinsa, ba a taɓa cewa suna zama a hanci ba. Inna Dao ta ce to ya ci gaba da faskare, in ya gama ya haƙa kabarin ma ya hutar da mutane. Lanying ta dube shi, ta ce, "Za ka yi abin da ta ce."

Dabarar ba wuya, sai haƙuri. Shi abin nan ruwa yake so. Aka hana Dekun shan komai wunin ranar, aka ba shi gishirtaccen kabeji ya ci, aka zaunar da shi a rana har hancin ya bushe ƙamas. Kafin azahar rabin ƙauyen na kan katanga. Wanda bai taɓa zuwa aron tsani ba ran nan ya zo. Da rana ta karkata, Inna Dao ta sa aka kawo kwano cike da ruwan sanyi, ta ce ya sunkuya har ruwan ya taɓa bakin hancin, ya riƙa numfashi ta baki, kada ya motsa.

Ya sunkuya. Can sai ga wani baƙin abu, siriri, ya leƙo yana lalube kamar makaho. Tsohuwa Pu ta ƙwalla ƙara, ta kai hannu za ta cafke. Kafin yatsunta su isa ya koma ciki.

"Kin gani ko!" in ji Inna Dao. "Shekara arba'in ina gaya miki gaggawarki ta yi yawa. Yanzu ya tsorata, sai gobe."

Gobe ita ce rana ta shida, jibi mota za ta zo. Lanying ta kwana da abin a ranta. Ta ga baƙin abin da idonta, amma shi bai gani ba, kuma ta san mijinta. In bai ga abin nan a ƙasa ba, zai koma daji da hannuwansa a baya, yana cewa mata sun haɗa baki don su kwantar masa da hankali.

Washegari da safe aka sake. Leɓen Dekun duk ya tsattsage don ƙishirwa. Inna Dao ta kori 'yan kallo, ta ba Tsohuwa Pu goyon Nini, ta ce ta tsaya can bakin garke, in ta matso za ta ɗaure ta. Sai ta miƙa wa Lanying hantsakin da ake cire ƙaya.

"Ke za ki kama. Idona ya tafi. Ki bari ya fito sosai ya sha ruwa. In kin kama kada ki ja, in kin ja zai tsinke ko ya yage masa nama. Ki riƙe kawai, shi zai gaji ya saki. Kai kuma Saje, ko ƙasa za ta tsage, ba motsi, ba magana."

Lanying ta durƙusa gabansa, kwano a hagu, hantsaki a dama, goshinta ya kusa taɓa nasa. Kwana shida ke nan ba ta matso shi haka ba. Ta ga furfura biyu a gefen kunnensa da ba ta san da su ba. Suka jira. Ƙafarta ta yi sanyi, kwanon ya fara nauyi. Sai ga shi ya leƙo, ya koma, ya sake leƙowa, ya miƙo jiki ya taɓa ruwan. Ta bari ya ƙara tsawo kamar gaɓar yatsa. Ta datse.

Abin ya murɗe, ya ja da ƙarfi. Idon Dekun ya kawo ruwa.

"Riƙe," in ji Inna Dao. "Zai ɗauki lokaci."

To, nan fa Lanying ta lura da wani abu. Ga mijinta a gabanta, an hana shi motsi, an hana shi magana, kuma hancinsa na hannunta. Wace mace ce za ta bar wannan dama ta wuce?

"Yawwa," in ji ta a hankali. "Yanzu za ka ji. Ka rubuto mini ƙazuwa. Ka rubuto mini tsutsa. Har sau nawa ka zaga a rana ka rubuto mini, na karanta wa Inna. Amma abin da kake zaton zai kashe ka, shi ne ka ɓoye? Ni matarka ce ko mai karanta labarin ban dariya?"

Ya lumshe ido.

"Buɗe idonka. Ka san abin da aka ce a rafi? An ce ka yi mata a kudu. Ni ban yarda ba, na ce wa zai kwashi wannan. Amma da aka ce don mace na haifa ne, na yarda, Dekun. Kwana biyu ina yarda. Ka tara mini itacen shekara biyu, wa ya ce maka itace nake so? Da ka mutu ma sai in ƙona gidan da shi."

"Gaya masa," in ji Inna Dao. "Hannun dai kada ya motsa."

"Kuma in da ciwon ne da gaske, sai me? Sai ka tafi ka mutu a daji kamar ɓera, ni in zauna ina gaya wa yarinya ubanta ya ƙi ta? Ai da ka faɗa, da mun tsaya bakin taga na ɗaga maka ita kullum ka gani. Wawa kawai. Saje wawa."

Hawaye na bin fuskarsa, ba mai iya cewa na zafin hanci ne ko na maganar. Nata ma suna ɗiga cikin kwanon. Daga bakin garke aka ji Tsohuwa Pu na jan majina, tana jijjiga goyo tana cewa, "Yi shiru, 'yar gidana, yi shiru," alhali yarinyar ba kuka take ba.

Sai Lanying ta ji jan ya saki. Abin ya sulluɓo gaba ɗaya, ya faɗa kwanon, baƙi, ƙato, ya fi ɗan yatsanta tsawo da kauri. Dekun ya dube shi, ya ja iska ta hancin dama, karo na farko cikin wata biyu, sai ya zame daga kujerar ya zauna a ƙasa.

Inna Dao ta watsa wa abin gishiri, ta toshe wa Saje hanci da auduga, ta ba shi ruwa ya shanye kwano uku. Ta ce jinin zai ɗan ci gaba kwana ɗaya ko biyu. Ta ce in ya koma ya je wurin likitan nan da yake gudu, a duba ƙirjin don hankalin kowa ya kwanta, a ba shi maganin tsutsa da na ƙarin jini, don farin nan da ya yi ba aikin baƙo ɗaya ba ne.

"To ai shi ke nan," in ji Dekun, yana goge hannu a wando. "Sai a bari likita ya duba tukuna, in ya tabbatar, hutu na gaba sai in…"

Lanying ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Ta kwance Nini daga bayan kakarta, ta zo ta dire masa ita a cinya, ta ja da baya ta naɗe hannu. Ko ya riƙe ko yarinya ta faɗi.

Ya riƙe. Ya riƙe ta kamar an ba shi tulu cike da mai, gwiwar hannu a sama, wuya a sanƙare. Nini ta dubi fuskar nan mai auduga, ta taɓe baki, ta tsala ihun da sai da kaji suka watse.

"Ba ta so na," in ji shi, a firgice. "Maman Nini, karɓe ta."

"Ban karɓa ba. Sa hannu a ƙarƙashinta. Ba haka ba, ai ba bindiga ba ce. Tashi ka yi ta yawo da ita."

Ya tashi ya yi ta zagaya tsakar gida, yana rera mata waƙar maci don ita kaɗai ya iya. A zagaye na shida kukan ya koma shessheƙa. A na goma ta kwantar da kai a wuyansa, ta cusa maɓallin rigarsa a baki. Inna Dao ta saɓi kwandunanta da sauri, don akwai gidaje goma sha da ba su ji labari ba.

Da rana ta yi tsaka Lanying ta fito ta ce ya kawo ta ta sha nono.

"Ba ta nema ba tukuna," in ji shi, ya juya mata baya.

"Dekun, yunwa take ji."

"To zo ki zauna nan kusa. Ki ba ta a hannuna."